Farin da ka gani a cikin filas ba nano ba ne

Ka ce ka zuba ruwan ganyen darbejiya a cikin ruwan silba naitiret, wato gishirin azurfa, nan take ya yi fari kamar tsinkakken nono, ka ajiye shi a kan benci kusa da taga, kafin la'asar ya koma toka-toka. Kana tambaya ko ƙwayoyin nano ɗin ne suka fito, wato ƙananan ƙwayoyin azurfar da ido ba ya iya gani waɗanda kake son haɗawa, ko kuwa ka ƙara ruwan ganye. Kada ka ƙara komai, yaro. Juye shi a kwalbar sharar azurfa, ban ce a sinki ba, sannan ka nemo mini jarkar da ka ɗebi ruwan haɗin a ciki.

Abin da ka haɗa silba kuloraid ne, gishirin da azurfa take yi idan ta gamu da kuloraid, sinadarin da ke cikin gishirin miya. Azurfa ba ta ganin kuloraid a ruwa ta ƙyale shi, tun kafin sinadaran ganye su fara aikinsu na mayar da ita ƙwayoyin nano sun riga sun haɗu sun zama wannan farin garin. Tokar da ka gani daga baya kuma aikin hasken rana ne, dama haka gishirin yake baƙi idan haske ya taɓa shi, shi ya sa masu ɗaukar hoto na da suka yi amfani da danginsa. Haɗin ƙwarai ba ya gurɓacewa. Yana farawa da rawaya, ya tafi ruwan zuma, ya tsaya a launin ƙasa-ƙasa, kuma idan ka ɗaga filas ɗin kana iya hango yatsanka ta cikinsa.

Yadda ake tsinko ganye da wanke shi da tacewa ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai iya wannan ba bai isa shiga lab ba. Awon kawai zan maimaita maka don na san ba ka rubuta ba. Ɗanyen ganye giram 10 a ruwa mililita 100, a zafin digiri 60 zuwa 70 na minti 20, ba tafasa ba. Silba naitiret milimola 1, wato giram 0.017 a mililita 100. Wannan awon ya yi ƙanƙanta ga sikelinmu, saboda haka ka auna giram 0.17 ka yi mai ƙarfin milimola 10, ka riƙa tsinkawa daga ciki, ka ajiye shi a kwalba mai duhu. Ruwan ganye kashi 1, ruwan azurfa kashi 9. Idan za ka ɗaga pH ka tsaya wajen 8 ko 9, ɗigo-ɗigo kana juyawa. In ka antaya soda da yawa za ka samu silba oksaid, shi ma ruwan ƙasa ne, shi ma yana ruɗin yara irinka.

Yanzu maganar ruwa, wadda ita ce ta sa na zauna ba ka amsa. Akwai shekarar da injin distil ɗin lab, mai raba ruwa da gishirin da ke cikinsa, ya ƙone, aka rasa kuɗin gyara, sai aka samo wani ɗan kasuwa da yake kawo ruwa a jarkoki, kowace da takarda manne an buga cewa ruwan distil ne. Kuɗinsa ya yi ƙasa da na kowa, masu sa hannu suka yi ta murna. Jarkokin farko na gaske ne, don ya san za a gwada. Da ya ga an saki jiki da shi sai ya koma cika su daga burtsatsen bayan shagonsa. A lokacin akwai wata ɗalibar digiri na biyu, yarinya mai haƙuri da tsabtar aiki, ba irin ku masu latsa waya da safar hannu a hannu ba. Da wannan ruwan ta jiƙa ganyenta, da shi ta haɗa azurfarta, da shi ta ɗauraye kwalabenta. Haɗinta yakan ɗan yi hazo da farko, amma da yake ruwan ganyenta mai duhu ne, kuma wani kaso na azurfar ya zama nano da gaske, launin ƙasa-ƙasa yakan rufe farin. Ta sa a na'urar UV mai auna hasken da ruwa yake sha, ta ga wani tudu mai faɗi wajen nanomita 430, inda nanon azurfa yake nuna kansa, ta ce alhamdu lillahi.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne gwajin katalis ɗinta, wato gwada ko garinta yana hanzarta aikin wasu sinadarai, ya yi kyau. Ta zuba garinta a kan haɗin naitirofinol, wani sinadari mai launin rawaya, da borohaidiraid mai juya shi idan akwai katalis, rawayar ta ɓace cikin 'yan mintuna. To ai dole ta ɓace. Sodiyam borohaidiraid yana da ƙarfin da zai mayar da silba kuloraid azurfa tsantsa a nan cikin kwalbar gwajin. Ke nan ba ganyen ne ya yi katalis ɗin da ya yi aikin ba, borohaidiraid ɗin ne ya ƙera abinsa. Haka ta ci gaba tana canza zafi, tana canza pH, tana cika littafi da lambobi, har kwalbar silba naitiret mai giram 25 da aka sha wahala kafin a samo ta kusa ƙarewa. Sai da ta tara kuɗi daga aljihun mahaifinta ta aika samfur wani gari aka yi masa XRD, gwajin hasken X-ray da yake nuna ainihin abin da ke cikin gari, sannan asiri ya tonu. A takardar XRD azurfa tsantsa tana yin tsini a kusurwar digiri 38.1, 44.3, 64.4 da 77.4. Nata takardar manyan tsininta a 27.8, 32.2 da 46.2 suke, na azurfar kuwa ɗan ƙarami a gefe. Wannan sa hannun silba kuloraid ne, babu ja.

Aka ɗebo ruwan jarka a gaban mutumin, aka ɗiga masa asid ɗin naitirik da ɗigon azurfa, ya yi fari fat. Ya rantse ya maya cewa yaransa ne suka musanya jarkoki. Ko kwabo bai mayar ba, ya kwashe jarkokinsa ya koma yana sayar wa wasu. Yarinyar nan ta sake aikinta daga tushe, abokan karatunta suka gama suka bar ta, azurfar da ta salwanta kuma ɗaliban da suka biyo baya ne suka yi ta rabon ragowarta da ɗan cokali. Araha ba ta ado. Har yau idan na ga jarka mai takarda manne raina ɓaci yake yi.

Saboda haka kowace sabuwar jarka, ko daga injinmu ta fito, ka gwada ta kafin ka taɓa sikeli. Mililita 5 a kwalbar gwaji, ɗigo biyu na tsinkakken asid ɗin naitirik, ɗigo biyu na silba naitiret, ka ɗaga a gaban baƙar takarda. Ko hazo kaɗan ka gani, ruwan ba na aikin azurfa ba ne. In akwai mitar auna wucewar lantarki ka tsoma ta: ruwan distil na gaske ba ya wuce 'yan maikirosimen kaɗan, na burtsatse yana kai ɗaruruwa. Fiya wata kuwa kada ma ka kawo mini maganarsa. Kwalaben aikin azurfa da asid ɗin naitirik ake wanke su. Haɗin asid ɗin da ake wanke kwalaben zinare da shi kashi uku cikin huɗu haidirokulorik ne, in ba a ɗauraye shi sosai ba kai da kanka ka zuba wa aikinka kuloraid. Kuma ka sani shi kansa ganyen yana ɗauke da kuloraid ɗin da ya sha daga ƙasa, musamman bishiyar da ta tsiro a bakin kwata ko ƙasa mai gishiri. Shi ya sa na ce kada ka ƙara ruwan ganye: mai yiwuwa matsalar za ka ƙara. Idan kana son tabbatarwa kafin ka juye shi, ɗebi kaɗan daga farin garin ka ɗiga masa ruwan amoniya, silba kuloraid narkewa yake yi. Amma kada ka kuskura ka ajiye wannan haɗin ya kwana, azurfa da amoniya idan suka jima tare suna haifar da abin da yake fashewa. Ka kashe shi da tsinkakken asid ɗin naitirik nan take.

Ka ce mini kana son ka yi suna a wannan fanni. To ka daina ɗaukar canjin launi a matsayin bincike. Tun 2004 su Murali Sastry a Pune ta ƙasar Indiya suka fitar da ƙwayoyin azurfa da zinare da ruwan ganyen darbejiyar nan, kafin su ma a 2002 su Gardea-Torresdey a El Paso ta Amurka sun nuna zinare yana taruwa a cikin tsiron alfalfa. Yaran yanzu kuwa yau zogale, gobe gwaba, jibi kuka, a ɗauki hoton filas da waya a ce an gano sabon abu. Na sha ganin takardun da aka buga da tsinin 27.8 da 32.2 ɓaro-ɓaro, marubutan sun ce wai ragowar sinadaran ganye ne. Masatake Haruta na Japan bai yi suna don zinarensa ya canza launi ba. A 1987 ya nuna cewa zinaren da kowa ya ɗauka ba ya aikin komai, idan aka ƙanƙanta shi zuwa 'yan nanomita a kan oksaid ɗin ƙarfe, yana ƙona iskar kabon monoksaid ko a sanyin da ya wuce na ƙanƙara. Ya auna girma, ya auna aiki, ya nuna alaƙarsu.

In ka kai ga gwajin katalis, ga yadda ake yi. Ka juya haɗinka a santirifuj, injin da yake wulwulawa har gari ya kwanta, gudun juyi 10,000 a minti, na minti 15, ka zubar da ruwan sama, ka wanke garin sau uku don kada azurfar da ba ta juya ba ta bi shi. A kwalbar UV ka sa mililita 2.5 na naitirofinol mai milimola 0.1, da mililita 0.5 na borohaidiraid mai mola 0.05, wanda ka haɗa yanzu-yanzu da ruwan ƙanƙara, don yana lalacewa a ruwa mai ɗumi. Tsinin naitirofinol zai tashi daga nanomita 317 ya koma 400. Ka zuba katalis maikirolita 20 zuwa 50, ka riƙa karantawa kowane minti: na 400 yana sauka, wani sabo yana tasowa wajen 300, shi ne aminofinol, wanda ake yin farasitamol da shi. In na 300 bai fito ba, garinka tsotse launin kawai ya yi. Ka kula da kumfar haidirojin da take manne wa gilashi tana ɓata karatu, ka kuma tuna ita azurfar kanta tana shan haske kusa da 400, sai ka cire nata. Ka yi gwajin ba katalis, ka yi da ruwan ganye zalla, ka yi da silba naitiret zalla daidai yawan azurfar da ke cikin garinka. Idan naka bai fi na ukun nan ba, ba ka da abin rubutawa. Daga nan ka tattaro katalis ɗin, ka wanke, ka sake amfani da shi sau biyar, ka aika na farko da na ƙarshe a yi musu XRD da TEM, wato hoton madubin lantarki, a ga ko ƙwayoyin sun dunƙule.