Filin Lambun Gida: Saiwoyin da ke fitowa a jikin shukar ado mai hawa, a yanke su ko a bar su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shukar nan ta ado mai faɗin ganye mai huji-huji da masu sayar da fulawa ke kira Monstera, wadda na sayo daga Jos na ajiye a barandata. Tun damina ta fara fitar da wasu dogayen saiwoyi masu ruwan ƙasa a jikin karanta, wasu suna lilo a iska, ɗaya ma ta sauko har ƙasa tana bin tayil. Da hunturu ya shigo sai bakinsu ya bushe, shi ya sa na ƙara yawan ban ruwa, amma sai ga ganyayen ƙasa sun fara yin rawaya. Maigida ya ce in datse su duka domin sun mayar da wurin daji. Shin cuta ce ta kama ta, kuma idan na yanke su za ta mutu? Daga wata uwargida a Tumfure, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, waɗannan saiwoyi ba cuta ba ne, alama ce ta cewa shukar ta yi ƙarfi kuma tana neman abin da za ta hau. Asalin Monstera deliciosa dazuzzukan kudancin Meziko ne zuwa Panama, inda take tsirowa a gindin manyan itatuwa cikin duhu da laima, sannan ta bi jikinsu zuwa sama neman haske har ta kai kusan mita 20, ganyenta kuma ya kai tsawon santimita 90. Da saiwoyin nan take wannan tafiya. Akwai gajeru masu manne wa ɓawon itace su riƙe nauyin karan, akwai kuma dogaye masu saukowa har su taɓa ƙasa, su shige ciki, su yi rassa su riƙa aika ruwa da abinci zuwa sama, kamar dai yadda muke gani a jikin tsohuwar ceɗiya a ƙofar gida. Wadda kika gani tana bin tayil tana cikin kashi na biyu, ƙasa take nema ba ta samu ba.

Yanke su ba zai kashe ta ba matuƙar saiwoyin cikin tukunya suna da lafiya, amma ba na ba ki shawarar ki bi maganar maigida a kan wannan, domin wasu za su sake fitowa a gaɓoɓi na gaba, kuma shukar da aka hana hawa takan kwanta gefe guda, ganyenta ya tsaya ƙanana ba tare da hujin da ya sa aka saye ta ba. Abin da ya fi shi ne ki lanƙwasa dogayen a hankali ki cusa bakinsu cikin ƙasar tukunyar. Idan saiwar ta yi tauri, ki jiƙa ta da ruwa na ɗan lokaci kafin ki taɓa ta, don busasshiya saurin karyewa gare ta. Wadda ta bushe ƙarau har ta zama fanko, ko wadda ta shiga hanyar mutane, ita ce za ki cire da sabuwar reza ko almakashin da aka goge da sifirit, ki bar ɗan guntu kamar santimita 1 ba tare da kin ji wa karan rauni ba, ki kuma bar wurin ya bushe da kansa. Ki wanke hannu bayan haka, ki hana yara wasa da abin da kika yanke, domin Monstera dangin gwaza ce, ruwan jikinta yana da irin sinadarin nan mai sa ƙaiƙayin baki da maƙogwaro da ake ji a ɗanyar gwaza.

Sai maganar abin hawa, wadda ita ce ginshiƙin al'amarin. A ƙasashen Turai ana sayar da sanda da aka naɗe da gansakuka, mu kuwa a nan ba sai mun nemi wannan ba. Ki samo bututun roba irin na masu aikin famfo mai tsawon mita ɗaya da rabi, ki naɗe shi da tsohon buhun algarara ninki biyu ko uku, ko da busasshen soso da aka tsaga aka cire 'ya'yansa, sannan ki ɗaure da igiya sosai, ki bar ƙasan bututun da zai shiga tukunya babu naɗi. Na zaɓi roba ne saboda gara, wadda ba ta barin sandar itace ko gora a cikin ƙasa mai laima. Idan kin duba shukar da kyau za ki ga tana da gaba da baya: ganyayen suna fuskantar gefe guda, saiwoyin kuma suna fitowa ta ɗaya gefen. A wannan bayan za ki kafa bututun, ki jingina karan a jikinsa, ki ɗaure da tsumman atamfa sako-sako. Karan ake ɗaurewa, ba a ɗaure hannun ganye, saboda shi ne yake juyawa yana bin haske. Kowace safiya ki zuba ɗan ruwa daga saman naɗin yadda zai jiƙu kawai, kuma sabbin saiwoyi masu laushin baki za su kama shi da kansu. Tsofaffin da suka riga suka yi tauri ba za su manne ba, kada ki wahalar da kanki a kansu.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne rawayar ganyen. Bushewar bakin saiwoyin sama tsakanin Nuwamba da Fabrairu aikin iskar hunturu ne, wadda ke zuwa babu laima a cikinta, kuma ruwan da ake zubawa a tukunya ba ya magance ta. A wannan lokacin sanyin dare yakan rage wa shukar saurin girma, ta rage shan ruwa, don haka ƙarin ruwan da kike ba ta yana kwanciya ne a gindinta yana toshe wa saiwoyin ƙasa numfashi. Kafin kowane ban ruwa ki nitsa yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. In kin ji danshi, ki ƙyale ta sai gobe ko jibi. Ki tabbatar akwai huji a gindin tukunyar kuma ba a bar ruwa a farantin da ke ƙarƙashinta. Idan ƙasar tana wari, ki ciro shukar ki duba: lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce mai laushi da ke saɓulewa a hannu. Ki yanke ruɓaɓɓun, ki sake shukawa a haɗin ƙasar lambu da ruɓaɓɓen taki da yashi mai tsakuwa da gutsattsarin gawayi, ki guji baƙar ƙasa mai danƙo da ke riƙe ruwa. Game da laima, fesa ruwa a ganye na 'yan mintoci ne kawai amfaninsa. Ya fi kyau ki tara tukwanen shukokinki wuri guda a lungun da iskar gabas ba ta bugawa, nesa da fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ki kuma riƙa goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma. Idan bazara ta zo a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kaiwa digiri 40, ki kare ta daga ranar tsaka, hantsin safe ya ishe ta. Za ki ga sabbin saiwoyi masu fari-farin baki da zarar ruwan sama ya sauka.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Shukar nan mai ganye kore da ɗigon rawaya da ake kira Money Plant ta hau bangon gidan da nake haya, kuma mai gidan ya ce za ta fasa masa gini. Na yi tunanin mayar da ita jikin mangwaron tsakar gida, amma ina tsoron kada ta shanye shi kamar kauci. Daga wani malamin makaranta a Kumo.

Amsa: Malam, mai gidanka yana da rabin gaskiya. Wannan shuka, Epipremnum aureum, 'yar'uwar Monstera ce, asalinta tsibirin Mo'orea ne a tekun Fasifik, kuma gajerun saiwoyinta suna manne wa bango da ƙarfi. Ba za su fasa lafiyayyen bulo da siminti ba, amma suna ɓamɓaro fenti idan aka ja su, suna barin tabo, suna kuma shiga tsagar da ta riga ta kasance. A ginin laka kuwa suna iya nitsawa cikin yaɓen. Tunda gidan ba naka ba ne, ka jiƙa wurin da ruwa, ka ɓamɓare ta a hankali da bayan wuƙa, ka mayar da ita kan igiya ko waya da aka ja nesa da bangon.

A kan mangwaro, ba ta da halin kauci. Kauci yana huda reshe ya sha ruwan jikin itacen, ita kuwa jingina kawai take yi da ɓawon, abincinta daga ƙasa yake zuwa. A jikin itace ne ma za ka ga ainihin girmanta, ganyen da bai wuce tafin hannu ba a tukunya ya zama babba har ya fara tsagewa. Sai dai ka riƙa datse ta kafin ta kai ƙananan rassa, don idan ta lulluɓe su takan tare musu haske ta kuma yi musu nauyi.

Tambaya: Na ga ana cewa a sa saiwar sama ta Monstera a kofin ruwa don ta yi saurin girma. Gaskiya ne? Kuma zan iya yanke saiwar in shuka ta ta zama sabuwar shuka? Daga wata ɗaliba a Jekadafari.

Amsa: 'Yata, saiwar za ta sha ruwan, ta kuma fitar da fararen rassa a cikin kofin, amma shukar da ake ba ruwa yadda ya kamata ba ta buƙatar haka, kuma a garinmu ruwan da ya kwana a buɗe gidan sauro ne, wanda a lokacin zafi yake tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kimanin mako guda zuwa kwana 10. Ki sa ta a ƙasa ya fi.

Saiwa ita kaɗai ba ta zama shuka, haka ma ganyen da aka tsinko da hannunsa kawai, ko da ya daɗe a ruwa yana kore. Abin da ke tsirowa shi ne idon da ke kan gaɓar kara, wato inda ganye da saiwa suke fitowa. Ki yanka karan santimita 2 zuwa 3 a ƙasan gaɓar da ke da ganye ɗaya da saiwar sama ɗaya, ki bar yankan ya sha iska na 'yan sa'o'i, sannan ki binne saiwar da ƙasan gaɓar a ƙasa mai danshi, idon yana daidai da saman ƙasar. In kin fi son ki fara da ruwa don ki ga abin da ke faruwa, ki riƙa canza shi duk bayan kwana biyu, ki mayar da ita tukunya da zarar sabbin saiwoyin sun kai tsawon yatsa. Ki jira watan Yuni ko Yuli kafin ki yi wannan aiki, domin yankan da aka yi a hunturu yakan bushe kafin ya kama.