Ga 'yar uwar da aka cire wa 'yarta hijabi a makaranta

Wallahi 'yar uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kin ce an tare 'yarki a ƙofar makarantar gwamnati sai ta cire hijabi, ana kuma sa su waƙoƙin coci a taron safe, kina tambaya ko ki sauya mata makaranta ko akwai inda za ki kai kuka. Abin da ya same ni ke nan a nan Agege a 2017.

Tawa tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare lokacin. Ta dawo gida tun kafin azahar, hijabin a dunƙule cikin jaka, kanta ko ɗankwali babu, haka ta ratso kasuwa. Mataimakiyar shugabar makarantar ce ta fizge shi a gaban yara, ta ɗaga sama tana tambaya wai nan masallaci ne, aka kwashe da dariya. Yarinya mai surutu kamar aku, kwana uku ba ta ce uffan ba. Washegari na je. Matar nan ta shanya ni a baranda sama da awa biyu, tana wucewa ta gabana tana waya kamar ba ta ga mutum ba. Da ta ga dama ta saurare ni, sai cewa ta yi in dokarsu ba ta yi min ba in kwashi 'yata mu koma arewarmu. Ni da aka yanke wa cibiya a Agege! Na sha cewa na yafe mata, amma in na tuno kallon da ta yi wa mayafina daga sama har ƙasa, sai in ji abin ya dawo sabo.

Kuskurena, na je ni kaɗai, da fushi, ba ko takarda a hannu. Kada ki yi haka.

Tun Yulin 2016 fa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin Babbar Kotun Legas na 2014 da ya goyi bayan hana hijabi, amma gwamnatin Legas ta wuce gaba zuwa Kotun Ƙoli, malamai suka fake da cewa magana tana kotu. Ke kin fi ni sa'a. Ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta rufe zancen, alƙalai biyar cikin bakwai suka ce hanawar ta saɓa wa tsarin mulki. 'Yan mata biyu 'yan shekara 12 ne da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN suka ja shari'ar, Allah ya saka musu. Ba ki faɗi jihar da kike ba, amma da wannan hukuncin kowace kotu a ƙasar nan za ta yi aiki.

Waƙoƙin kuwa, sashe na 38(2) na kundin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karatun wani addini ko halartar ibadarsa ba in ba nasa ba ne ko iyayensa ba su yarda ba. Ki sa wannan a takarda, kwafi biyu, su sa hannu a ɗaya ki riƙe. Ki tafi da babanta ko limamin unguwarku. In sun yi kunnen ƙashi, sai ofishin ilimi na shiyya. Af, ki ɗinka mata gajeren hijabi kalar yunifom, don da tsawo da kala suke samun abin kamawa.

Don Allah kada ki bari samarin unguwa su shiga maganar. Nawa sun so zuwa, babanta ya hana, lokacin har haushinsa na ji. Daga baya da na ga rikicin hijabi a Kwara, an rufe makarantu goma a Ilori a 2021, a 2022 kuma har rai aka rasa a Ijagbo, na gode masa.

Kin san wa ta raka ni zuwa na biyu? Maƙwabciyata Kirista, 'yar kudancin Kaduna, ita ta ma rubuta min takardar da Turanci. A hanya take ba ni labarin yadda ta yi makarantar gwamnati a wani garin arewa ba malamin darasin addininsu, in an shiga na Musulunci sai su zauna gindin bishiya. Kunya ta kama ni, na rasa ta cewa. Wannan sashen nasu ne su ma, ko da wasu a nan ba za su so jin haka ba.

Sauya makaranta kuwa, mu kuɗin ne babu, shi ya sa muka tsaya, ba jarumta ba. In kina da hali kuma yarinyar ta tsorata, ki zauna ki tambaye ta tukuna. Ni ban tambayi tawa ba. Tana jami'a yanzu, har yau da fil uku take kafe hijabinta. Takardar da muka rubuta tana nan a wurina, ki yi min magana in ɗauki hotonta in turo miki.