Jan sabulun da kika gani a adakar Inna

Ɗiyata, na ga saƙonki tun jiya, sai yanzu na samu zama. Kina tambaya ko canhi ne ya sa Inna ke aje jan sabulu a ƙasan adaka, kuma ko za ki iya yi ma jinjirinki wanka da shi tunda kin ji ana yabon shi. To ba canhi ba ne wallahi, tsabta ce irin ta mutanen da.

Sabulun kabolik kenan, warin nan nashi mai kama da na asibiti maganin da ke ciki ne, ana hiddo shi daga kwaltar gawayin ƙasa. Wani likitan Ingila, Joseph Lister, shi ya riƙa wanke raunuka da kayan tiyata da maganin, ya bayyana aikin nashi a 1867, mutane suka rage mutuwa bayan an yi musu aiki. Daga baya aka sa shi cikin sabulu, Lifebuoy na farko ma irin shi ne, ja jawur, amma na yanzu da kike gani a shago sun canza shi. Nan Maradi 'yan kasuwa ke shigo da irin waɗannan kaya daga Kano da Katsina ta Ɗan Isa.

Inna ba ta taɓa ba mu sanda guda, sai ta sa wuƙa ta yanka gunduwa gunduwa ta shanya bisa katanga ya bushe ƙamas, don ɗanye saurin narkewa gare shi, in ya bushe sai ya daɗe. Guda na bakin bayi don wanke hannu, guda na wankin tsumman yara da zannuwan mai jego, guda kuma ranar layya bayan an gama gyaran kayan ciki, don shi kaɗai ke kashe ƙarnin nan daga hannu da tasa. Yaro ya dawo daga wasa a gulbi da ƙuraje ko makero a kai, a kama shi a dirje da soso yana kuka. Ragowar da ta yi ƙanana ba a yar da ita, a tara a gwangwani a zuba ruwa a wanke daɓen ɗaki. Na adaka kuwa don tufahi kar su yi warin ajiya ne lokacin damina, ta ce kyankyaso ma ba ya son shi. Har yau in na ji warin nan sai ƙwalla ta cika min ido, Allah ya jiƙan ta.

Amma jinjiri kam a'a, don Allah kar ki sa mishi, fatar shi ba ta yi ƙwari ba, maganin yana da zahi kuma yana ratsa fata. Ki wanke kayan shi da shi in kina so, ki ɗauraye sosai ki shanya a rana, wanka kuma ki nemi sabulun jarirai marar ƙarhi. Ke ma kar ya taɓa miki ido ko ciwo buɗaɗɗe, in jinjirin ya yi ƙuraje sun ƙi ji ki kai shi likita. Ki gaida maigidan naki.