Tambayi Likita: Shin hoton ƙwaƙwalwa yana iya ganin giya?

Likita, na ji an ce akwai na'urar da ke auna giya a ƙwaƙwalwar mutum yana raye. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Gaskiya ne, ɗana. Na'urar MRI ce da ka sani, mai ɗaukar hoton cikin jiki, sai dai ana sarrafa ta ta hanyar da ake kira MRS. Maimakon hoto, zane take fitarwa mai tudu-tudu, kowane sinadari da wurin da tudunsa ke tsayawa, na giya yana fitowa wajen 1.2 a ma'aunin. Ba yanka, ba allura, maganaɗisu ne ke aikin. A shekarar 2009 aka wallafa binciken asibitin jami'ar Haidalbag da ke Jamus, inda aka kwantar da mutum 15 cikin na'urar suna zuƙar giya ta dogon bututu. Minti 6 kacal aka fara ganin canji a sinadaran ƙwaƙwalwarsu.

Ina zargin ɗana yana sha a ɓoye. In kai shi a yi masa hoton? Daga wata uwa a Kaduna.

Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a, amma kada ki zubar da kuɗinki. Wannan awon na masu bincike ne, kuma da zarar hanta ta gama narkar da giyar, cikin sa'o'i, tudun ya ɓace. Abin da hoto ke nunawa a jikin wanda ya daɗe yana sha shi ne ɓarnar da aka bari: ƙwaƙwalwa ta motse, musamman ta goshi mai kula da hankali, da ta ƙeya mai daidaita tafiya. Wani ɓangaren yana farfaɗowa bayan watanni in an daina.

Abin da ya fi damuna daban ne. Idan ya saba sha kullum, kada a kulle shi a ɗaki a ce ya daina rana ɗaya. Cikin kwana biyu zuwa uku yana iya kama karkarwa, farfaɗiya ko gane-gane, har a rasa rai. Ki lallashe shi ku zo asibiti, a janye shi daga giyar a hankali, a ba shi bitamin B1.

Kofi mai ƙarfi ko wanka da ruwan sanyi yana sauke maye? Daga wani direba.

A'a, Malam. Ido ne kawai zai buɗe, giyar tana nan a jini. Hanta ba ta karɓar gaggawa, don haka ka ajiye makullin mota sai gobe.