Ta ina ake shiga binciken koya wa kwamfuta gani?

Tambaya: Malam, ina shekarar ƙarshe ta lisansi a fannin lissafi a Jami'ar André Salifou ta Zinder. Burina in zama malamar jami'a mai bincike kan yadda kwamfuta ke gane abin da ke cikin hoto, amma kwamfutata ta tsufa. Sai na sayi mai tsada?

Amsa: Ƙanwata, riƙe kuɗinki tukuna. Google Colab yana ba da aron na'ura mai GPU (katin da ke yin lissafi mai yawa da sauri) kyauta ta intanet, na ƴan awoyi. Ki riƙa adana aikinki a Google Drive, don in an yanke ki ko wuta ta ɗauke, abin da ba ki ajiye ba ya tafi. Mega ce za ta ci miki kuɗi.

Lissafin da kike karantawa shi ne jarin. A wurin kwamfuta hoto jerin lambobi ne kawai, koyon nata kuma aljabara ce da lissafin yiwuwa. Ki haɗa da Python, yaren rubuta wa kwamfuta umarni, da PyTorch, kayan aikin koyar da ita a cikin yaren. Sai Turanci, wanda mu ƴan makarantar Faransanci muke ja da baya a kansa, alhali takardun manyan taruka irin CVPR duk da shi ake rubuta su.

A 2012 Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto suka lashe gasar ImageNet ta gane abin da ke cikin hoto da katin GPU biyu irin na masu wasan kwamfuta. Kuskurensu kashi 15 cikin ɗari, na mai bi musu kashi 26. Amma an riga an tara musu hotuna sama da miliyan ɗaya, kowane da sunan abin da ke ciki. Nan ƙofarki take. Ganyen gero mai cuta a gonakin Mirriya kusa da Zinder, ko rubutun ajami da ke hannun malaman Birni, tsohuwar unguwar Zinder, wa zai ɗauke su hoto in ba ɗan ƙasa ba? Ki tara da wayarki, da izinin masu su, masanin noma ko malamin ya tabbatar da sunan kowane. Aiki ne mai gajiyarwa, ni dai na fi ganin darajarsa a kan takardar shaidar kwas goma.

Bayan lisansi akwai masta shekara 2, dokta aƙalla 3. Ki duba AMMI, mastan koyar da kwamfuta da Moustapha Cissé ɗan Senegal ya kafa a Kigali a 2018 ƙarƙashin cibiyar lissafi ta Afirka, AIMS. Ranar da za ki rubuta wa farfesa neman ya jagorance ki, ki tura masa hotunan da sakamakon gwajinki, har da inda na'urar ta yi kuskure.