Riƙon tsohon kare mai ciwon da ba ya warkewa

Tambaya: Likita, makonni uku da suka wuce na ziyarci wani gidan kula da karnukan da aka yasar, inda na tarar da wani tsohon kare mai kimanin shekara 13 kwance a ƙuryar keji, ko kai ba ya ɗagawa idan an buɗe ƙofa. Ma'aikatan sun shaida mini cewa ƙodarsa ta kusa daina aiki. Sun ce zan iya karɓar riƙonsa har ƙarshen kwanakinsa, amma mallakarsa za ta ci gaba da zama a hannunsu. Zuciyata ta kwanta da shi, sai dai ina tsoron kada in ɗauko abin da ya fi ƙarfina. Me zan tanada, kuma yaya zan gane cewa yana shan wahala?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan niyya. Abin da ya kamata ki fara sanyawa a ranki shi ne, ba magani za ki je nema masa ba, sauƙi za ki ba shi, domin ƙodar da ta lalace a hankali ba ta komawa yadda take. Tun da mallakarsa tana hannun gidan, kafin ki ɗauko shi ki nemi a rubuta wanda zai biya kuɗin magani, da likitan da za ki kira cikin dare, da kuma wanda ke da ikon yanke shawarar ƙarshe. Na sha ganin inda rashin wannan takarda ya haifar da saɓani a ranar da kowa ya fi bukatar natsuwa.

Kare mai ciwon ƙoda yana yawan shan ruwa da yawan fitsari, don haka kada ki rage masa ruwa da nufin tsaftace ɗaki. Ki ajiye kwano kusa da makwancinsa, ki shimfiɗa abin da ba ya santsi, ki kuma yafe masa idan ya jiƙa shimfiɗa. Likita zai iya rubuta abinci mai ƙarancin sinadarin fosfaras da maganin tashin zuciya, ya kuma koya miki yadda ake ɗura masa ruwa ta ƙarƙashin fatar bayan wuyansa. Wannan allurar tana ba mutane tsoro a karon farko, amma hannu yakan saba da ita da wuri. Gargaɗina mafi girma shi ne kada ki ba shi maganin ciwo na mutane, musamman ibuprofen, domin yana iya ƙarasa ɗan aikin da ya rage wa ƙodarsa.

Game da gane wahala, kare ba ya yawan kuka idan yana jin ciwo. Ki lura da haki yana kwance, da kai-komo cikin dare, da yadda zai zo ya sunsuni kwanon abinci, ya lashi leɓe, sannan ya juya baya, wanda alama ce ta tashin zuciya. Akwai ma'aunin da wata likitar dabbobi a Amurka, Alice Villalobos, ta tsara, mai duba abubuwa bakwai: ciwo, yunwa, ƙishirwa, tsafta, walwala, iya motsi, da kuma ko ranakun sauƙi sun fi na wahala yawa. Ana ba kowanne maki har zuwa 10, kuma jimillar da ta haura 35 tana nuna cewa rayuwarsa tana da sauran daɗi.

Ni dai na fi amincewa da na bakwai ɗin. Ki rataye kalanda, kowane dare ki sa alamar kyakkyawar rana ko akasinta, domin idon mai ƙauna yakan riƙe ranar da ya kaɗa wutsiya, ya manta da kwana huɗun da bai ci komai ba. Idan alamun wahala suka fara rinjaye, ki ɗauki kalandar ki kai wa likitan da ma'aikatan gidan, ku zauna ku tattauna batun allurar da za ta sa ya mutu cikin barci ba tare da raɗaɗi ba, kuma ki nemi a bar ki ki zauna kusa da shi a lokacin.