Amsa kan Robin Friday da yaron kulob ɗinku

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai da na samu natsuwa. Ka ce akwai yaro a kulob ɗinku na unguwa wanda babu mai ƙafarsa a duk yankin, amma ya faɗa shaye-shaye, atisaye kuma sai ranar da ya ga dama. Da ka yi maganar ajiye shi a benci, sai wasu suka ce ka ƙyale shi, wai gwanaye haka suke, har wani ya kafa maka hujja da Robin Friday. Kana son sanin wane ne wannan mutumin, da kuma ko maganar tasu tana kan hanya.

Na yi shekara biyu a garin Reading na Ingila lokacin karatu, garin da Friday ya yi suna. Kafin tafiyata da bayan dawowata kuma na daɗe ina horar da yaran unguwa a Kano. Abin da na ji a can da abin da ya faru a hannuna a nan, su zan ba ka.

An haifi Robin Friday a Acton, yammacin Landan, a watan Yulin 1952, shi da ɗan tagwaicinsa. Tun yana ƙarami manyan kulob irin su Crystal Palace da QPR da Chelsea suka gwada shi, duk suka sallame shi, domin ba ya jin magana. Ya bar makaranta yana shekara 15, yana 16 aka kai shi gidan gyaran halin yara na Feltham saboda sata, ya yi wata 14 a can. Da ya fito ya yi aure, ya kama aikin shimfiɗa kwalta a rufin gine-gine, yana buga wa ƙananan kulob na 'yan sa-kai, Walthamstow Avenue da farko, daga baya Hayes. A 1972 ya faɗo daga wurin aiki, wani tsinin ƙarfe ya shige shi ta baya har cikin ciki, saura kaɗan ya taɓa huhu. Cikin wata uku ya dawo fili. Irin jikin da Allah ya ba shi ke nan, kuma ka riƙe wannan, domin zan dawo kansa.

A ƙarshen 1972 Hayes ta haɗu da Reading a gasar kofin FA, a nan kocin Reading, Charlie Hurley, ya ƙyalla ido ya gan shi. Ya yi ta bibiyarsa, ya ji duk labarin shan giyarsa da yawan korarsa daga fili, amma a Janairun 1974 ya ɗauko shi a kan fam 750. Reading tana rukuni na huɗu a lokacin, wato can ƙasan gasar ƙwararru ta Ingila, inda filaye suke taɓo, 'yan baya kuma ba ƙwallo suke nema ba, ƙwaurinka suke nema. Friday ba ya sa abin kare ƙwauri. A sare shi ya faɗi, ya tashi ya sake neman ƙwallo. Sau biyu a jere magoya baya suka zaɓe shi gwarzon kulob, a kakar 1974-75 da ta 1975-76, kuma a ta biyun ya ci fiye da ƙwallo 20, Reading ta ƙare ta uku ta haura rukuni na uku.

Akwai wani dattijo Bature da muke zama kusa da juna a sabon filin Reading. Da ya ga ina yawan tambaya, wata Asabar ya ɗauke ni a motarsa ya kai ni inda tsohon filinsu na Elm Park yake a da. Sun tashi daga can tun 1998, yanzu gidaje ne a wurin. Mutumin nan mai sanda ya tsaya a bakin titi, ya jingine sandar a jikin mota, ya juya mini baya, ya turo ƙirji kamar zai tare wani abu daga sama, sannan ya murɗa jiki a hankali ya ɗaga ƙafar dama. Ƙwallon da Friday ya ci Tranmere Rovers yake gwada mini, ranar 31 ga Maris 1976. An bugo masa doguwar ƙwallo yana wajen da'irar gola ta gefen hagu, ya yi tsalle ya tare ta da ƙirji yana ba raga baya, kafin ta taɓa ƙasa ya juya ya ɗaɗa ta, ta shige kusurwar sama. Alƙalin wasan, Clive Thomas, mutumin da ya hura wasa a gasar cin kofin duniya, sai da ya ɗora hannuwa a ka. An ce bayan an tashi ya gaya wa Friday bai taɓa ganin ƙwallo irinta ba, shi kuma ya ce masa ya riƙa zuwa, ai kowane mako yana yin haka. Babu hoton bidiyon wannan ƙwallo. A bakin irin wannan dattijon kawai ta rage. Da ya gama gwadawa idonsa ya kawo ruwa, ya ɗauki sandarsa, muka daɗe a mota bai ce komai ba.

Don haka idan ana maganar baiwa, abokanka ba su yi ƙarya ba. Inda suka kauce shi ne da suka ɗauka shaye-shayen wani ɓangare ne na baiwar, kamar idan an cire shi ƙafar za ta mutu. Ba haka ba ne. Lokacin da ya fi haskakawa shi ne lokacin da jikinsa yake iya ɗaukar duka biyun, barasa da ƙwaya da dare, gudu da tsakar rana. Jikin da tsinin ƙarfe ya ratsa ya warke cikin wata uku zai iya jure wannan na ɗan lokaci. Amma bashi yake ci a jikin, kuma bashin ya zo biya da wuri.

Duba yadda abin ya tafi. Bayan haurawarsu ya samu saɓani da kulob a kan albashi, ya fara ƙin zuwa atisaye, ƙwayar ta ƙaru, wasansa ya ja baya. Manyan kulob sun sha turo masu leƙen 'yan wasa su kalle shi, amma duk wanda ya ji halinsa sai ya janye. A ƙarshen Disambar 1976 Reading ta sayar da shi ga Cardiff City da ke rukuni na biyu a kan fam 28,000, kuɗin da kowa ya san bai kai darajar ƙafarsa ba. Ranar da ya isa Cardiff 'yan sandan jirgin ƙasa suka kama shi a tasha, domin ya hau jirgi babu tikitin tafiya, sai da sabon kocinsa Jimmy Andrews ya je ya karɓo shi. Wasansa na farko, ranar 1 ga Janairun 1977, ya ci Fulham ƙwallo biyu, alhali wanda yake tsaronsa Bobby Moore ne, kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Ingila kofin duniya a 1966. Bayan wannan sai ɓacewa, a neme shi a rasa, ya dawo, ya sake ɓacewa. A Oktoban 1977 aka kore shi daga fili a wasansu da Brighton bayan ya shuri ɗan bayan Brighton, Mark Lawrenson, a fuska. A Disamba ya ajiye takalmi. Shekararsa 25.

Ka lissafa da kanka. Daga Janairun 1974 zuwa Disambar 1977, shekara huɗu ma ba ta cika ba. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a rukuni na ɗaya ba. A shekarun da ɗan wasan gaba yake fara nuna, shi ya koma aikin kwalta da fenti a Landan. Magoya bayan Reading kimanin 3,000 suka sa hannu a takarda suna roƙon a dawo da shi. Sabon kocinsu Maurice Evans ya same shi ya ce idan zai natsu na 'yan shekaru zai iya buga wa Ingila. Ana ruwaito cewa Friday ya tambaye shi shekarunsa, sannan ya ce shi rabin shekarunsa gare shi amma ya ninka shi more rayuwa. Masu son labarinsa suna yawan maimaita wannan maganar da sha'awa. Ni duk lokacin da na tuna ta raina ɓaci yake yi, domin na san ƙarshen. A shekarun 1980 ya yi zaman kurkuku bayan an kama shi yana shigar ɗan sanda yana ƙwace ƙwaya a hannun mutane. Ranar 22 ga Disambar 1990 aka same shi ya mutu a ɗakinsa a Acton, bugun zuciya, yana da shekara 38. A 2004, a wata ƙuri'ar BBC, magoya bayan Reading da na Cardiff duk suka zaɓe shi gwarzon da suka fi ƙauna a tarihin kulob ɗinsu. Ƙaunar gaskiya ce, amma ta zo shekara 14 bayan an binne shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda kuma ya shafe ka kai tsaye, shi ne halin waɗanda suke kewaye da shi. An sha korarsa daga mashayun garin Reading, kowa ya san abin da yake sha, amma muddin yana zura ƙwallo ranar Asabar sai a kau da kai. Ranar da ƙwallon ta ragu, aka sayar da shi da araha a huta. Ba na zagin kowa a kan haka, domin ni ma na yi irinta.

Ina da wani yaro a kulob ɗina, ba zan faɗi suna ko unguwa ba. Siriri, bahago, idan ya ɗauki ƙwallo daga tsakiya har masu sayar da rake a bakin fili sai sun bar baronsu sun matso. Wata rana a wasan kusa da na ƙarshe na gasar unguwanni, an tafi hutun rabin lokaci, na hango shi ya zagaya bayan katangar makarantar da muke wasa a filinta. Na bi shi. Na same shi tsugune, ya zaro wata 'yar leda daga cikin safarsa, ya watsa ƙwaya biyu a baki, ya fasa ledar fiya wata da haƙori ya kora. Tiramol ne. Ya ɗago muka haɗa ido, bai ko razana ba, ya ce, "Koci, ƙarfi kawai take ƙara min." Ana cin mu ɗaya da nema a lokacin. Na yi shiru na mayar da shi fili. Ya ci biyu, aka ɗauke shi a kafaɗa har bakin titi, ni ma ina cikin masu murna. A ranar na koya masa cewa abin da yake yi daidai ne, da shiruna na koya masa. Har yau ina neman gafarar Allah a kan wannan.

Daga tiramol ya koma kodin, wannan kafin gwamnati ta hana shi a 2018. Bayan kamar shekara guda na samar masa gwaji a wani kulob na rukuni na biyu a wata jiha, na ci bashi na biya masa kuɗin mota da takalmi. Kwana tara aka dawo da shi. Sun ce ƙafa akwai, amma atisayen ƙarfe shida na safe ya gagare shi, idan ya zo kuma minti ashirin ya gaji, ga faɗa da abokan ɗaki. A unguwa yana iya ɓoye raunin, domin ya fi kowa nesa ba kusa ba. Da ya je inda kowa gwani ne kuma kowa yana barci da wuri, asiri ya tonu.

Saboda haka ga shawarata. Kada ka kore shi daga kulob. Fili ne kaɗai igiyar da ta rage a hannunka, idan ka tsinke ta, majalisar 'yan shaye-shaye tana jiransa hannu biyu. Amma kada ka sa shi a wasa ranar da bai zo atisaye ba ko ya zo a buge, ko da wasan ƙarshe ne, ko da za a ci ku biyar. Za a zage ka a bakin fili, wasu ma cikin masu ba kulob kuɗin ruwa za su yi fushi, ka daure. Ka faɗa masa dokar kai da shi, ba a gaban yara ba, domin idan ka kunyata shi a bainar jama'a ba zai dawo ba. Ka je gidansu da ƙafarka ka zauna da mahaifinsa ko yayansa, ko kawun da yake jin nauyi. Sau da yawa iyaye sun sani, kunya ce ta hana su magana, suna jiran wani ya fara. Ka gano mai kawo masa, yawanci yana cikin masu yi masa kirari a bakin fili. Idan kuma ya kai matakin da jikinsa ke rawa ko ciwo in bai sha ba, wannan ya wuce nasiha, asibiti ne, ku kai shi wurin likitocin da suka san harkar. Tiramol ba a yanke shi dare ɗaya babu kulawar likita.

Su kuma masu kawo maka sunan Friday, ka tambaye su shekararsa nawa ya daina wasa, da shekararsa nawa ya mutu.

Yaron nawa yana nan da rai. Watannin baya na gan shi a tasha yana yi wa motoci lodi, ya rame, haƙoransa sun dafe. Ya rugo ya karɓi jakata yana cewa "Koci, Koci," ya ƙi karɓar kuɗin dako. Ya tambaye ni ko har yanzu muna atisaye a filin makarantar nan, na ce masa eh, Talata da Alhamis bayan la'asar. Ya ce zai zo. Duk ranar atisaye nakan duba wajen katangar.

Idan ka je gidan su yaron, ka dawo ka gaya mana yadda kuka yi da mahaifinsa. Allah ya shirya mana su.